Yatsan Baba Kato

Duk wanda ya zauna a Tudun Wada ya san Harrison ɗan Baba Kato, ko bai san sunansa ba ya san tafiyarsa. Dogo ne siriri, jakar laftof a kafaɗa, kullum yana sauri kamar wanda ya bar tukunya a wuta. In ka gaishe shi, kafin ka kai ga tambayar mutanen gida ya riga ya sha kwana. In kuwa tsautsayi ya haɗa ku benci ɗaya a wurin mai shayi, to ka riƙe kofinka da kyau, don ƙafarsa ta dama ba ta daina kaɗawa.

Shi ne ƙarami a gidansu, kuma har ya haura talatin Auta mahaifinsa ke ce masa. Kai dai yana da shi, wannan ko mai jin haushinsa ba ya musu. Zama ne ba shi da shi. Ya karanta ilimin kwamfuta har ya kusa gamawa, sai ya ce malaman suna koyar da abin da aka daina yayi, ya tattaro ya dawo gida. Ya koyar a wata makarantar kuɗi a Gyallesu, bai cika shekara ba. Ya kafa teburin gyaran waya a Kongo, ɗalibai na fara sabawa da shi ya sayar da teburin. Ya je Kaduna, ya je Abuja, ya dawo ya gina tankin kiwon kifi a tsakar gida, wanda yanzu yayarsa Felicia ke tara ruwan wanki a ciki. Laftof ɗinsa cike yake da manhajojin da ya fara rubutawa, ta masu keke, ta masu kemis, ta masu neman gidan haya, kowace da shafin farko mai kyau, in ka danna ka shiga ciki kuma babu komai.

Mahaifinsa kuwa akasin haka ne. Baba Kato tsohon malamin firamare ne, kuma tun kafin a haifi Harrison shi ke kaɗa ogan, abin kiɗan nan mai jerin maɓallai, a majami'ar Angilikan ta unguwarsu. An canza fastoci, an canza rufin ginin, an canza ogan ɗin kansa daga mai famfon ƙafa zuwa na lantarki, amma kujerar nan ta katako ba ta san wani mazauni ba sai shi. Akwai ma waƙar godiyar kaka, wato ta godiyar amfanin gona, da shi ya tsara da kansa, wadda ba a rera ta ko'ina sai a majami'ar, kuma ba a rufe sujadar godiyar kaka sai da ita.

A farkon daminar bara ne ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ya tashi, ya koyi tafiya da sanda, magana ta dawo sannu a hankali, amma hannun dama ya tafi ke nan, na hagun ma rawa yake yi. Tun daga nan bai sake taka majami'a ba. Ya ce shi ba zai zauna a benci yana kallon kujerarsa ba. Sai ya yini a falo fuskarsa na kallon bango, yana buga hannun kujera da yatsansa na hagu, tak, tak, tak, har abin ya riƙa shiga kan Harrison, ya ɗauki jaka ya fice.

Da kaka ta gabato, Rabaran, faston majami'ar, ya zo gida da dattawa biyu, cikin ladabi da kwana-kwana, ya ce kwamiti na tunanin ɗauko wani matashi daga Kaduna ya kaɗa ranar godiya. Yatsan Baba ya tsaya. Bayan sun fita Felicia, wadda nas ce kuma ba ta iya ɓoye magana ba, ta gaya wa ƙanenta a kicin cewa in ranar nan ta wuce da baƙo a kan kujerar, Baba ba zai ƙara shiga majami'a da ƙafarsa ba. Ta ce ta sha ganin tsofaffin da suka juya wa bango fuska, kuma ta san inda abin ke ƙarewa. Harrison bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya bi Rabaran da gudu har bakin titi, ya ce kada a kira kowa, zai haɗa ogan da kwamfuta ya riƙa kaɗa waƙar Baba da kansa, Baba kuma ya zauna a kujerarsa ya jagoranci mawaƙa. Rabaran ya dube shi irin kallon da duk Tudun Wada ke yi masa, ya ce to, Ubangiji ya taimaka.

Gaskiyar magana, bai taɓa rubuta manhajar da ke magana da kayan kiɗa ba. Abin da ya dogara da shi shi ne mataimakin nan na ƙirƙirarriyar basira da ake ta zancensa, wanda kake rubuta masa abin da kake so ya rubuto maka kod, wato umarnin da kwamfuta ke bi. Ya kafa sansani a shagon abokinsa Uche a Kongo, mai sayar da caja da batir, haifaffen Zariya da Hausa ta fi Ibo zama a bakinsa. Shagon na da sola, kuma Uche na da haƙurin da ake bukata don zama da Harrison.

Yadda ya fara hulɗa da mataimakin, ko ɗan aike ba a yi wa haka. Ba bayani, ba dalili. Sai ya jefa masa layi ɗaya, yi mini kaza. Amsa ta zo da doguwar magana a sama da akwatin kod a ƙasa, shi kuma idonsa akwatin kawai yake nema. Ya kwafa, ya liƙa, ya kunna. In ya yi, ya ce ai wannan abu aljani ne. In bai yi ba ya ja tsaki, ya ce kwamfutar banza, ya rufe hirar ya buɗe sabuwa, ya faro daga farko da mataimakin da bai san komai ba game da abin da aka yi jiya. Uche ya taɓa leƙowa ya ga jerin hirarrakin da aka buɗe aka watsar, ya yi dariya ya ce ashe har na'ura ma Harrison ba ya iya zama da ita. Ya ƙara da cewa shi da yake yaron shago a Sabon Gari, ko maigidansa mai zafin rai yakan faɗa masa dalilin aike.

Duk da haka abin ya tashi. Mawaƙan suna da waƙar a rubuce da do-re-mi, kamar yadda Baba ya koya musu. Harrison ya shigar da ita, ya ari ogan ɗin wani ɗalibi ya jona shi da laftof, ranar wata Laraba da la'asar sai ga waƙar godiyar kaka na tashi a shagon caja, ba hannun kowa a kai. Ya yi tsalle har ya buge fanka. Bai ƙara gwadawa ba, bai kira ko mawaƙi ɗaya ya bi ta da baki ba, ya wuce gida kai tsaye ya ce wa Felicia aiki ya ƙare.

Ranar Asabar da yamma ake koyon waƙa. Da ƙyar Felicia ta shawo kan Baba, ta sa masa farar riga, suka ɗauki keke napep. Mawaƙa suka miƙe da suka gan shi, wasu matan har da share ido. Aka zaunar da shi a kujerarsa. Harrison ya durƙusa gefe da laftof, ya danna, ogan ya ɗauka, mawaƙa suka bi. Layi na farko lafiya, na biyu lafiya. A tsakiyar layi na uku sai mawaƙan gaba ɗaya suka tsaya cak, kamar an haɗa baki, ogan kuwa ya wuce abinsa. Da suka dawo ya riga ya yi nisa. Suka bi shi a guje, masu babbar murya a baya, mata a gaba, waƙa ta wargaje. Aka sake, haka. A karo na uku wata yarinya ta fashe da dariya, dariyar ta bazu.

Baba bai yi dariya ba. Ya lalubi sandarsa, ya miƙe ba tare da ya bari an taimake shi ba.

"Wannan ba waƙata ba ce," in ji shi. "Felicia, kai ni gida."

Washegari da rana Felicia ta dawo daga sujada ta tarar da Harrison yana cusa kaya a jaka. Wai wani abokinsa a Kaduna na neman mai kula masa da kwamfutoci. Ba ta yi masa faɗa ba, da ma faɗan ya fi sauƙi. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ya tafi, ai ba wanda zai yi mamaki, Rabaran ma bai goge lambar yaron Kadunan ba. Abu ɗaya ta roƙa, ya shiga falo ya gaya wa Baba da bakinsa. Harrison ya je har ƙofar falo. Tsohon na zaune yana kallon bango, hannunsa na hagu kwance a kan kujera, ko motsi ba ya yi. Kunya da tsoro suka kama Harrison a lokaci ɗaya, don bai taɓa zaton zai yi kewar wannan tak, tak ɗin ba. Ya koma ɗaki ya zauna a kan jakar.

Ya buɗe laftof da niyyar zagin mataimakin, sai ya tsinci kansa yana jan hirar zuwa sama. A can, saman akwatin kod ɗin da ya kwafa ranar Laraba, ga magana a rubuce da bai taɓa karantawa ba. Mataimakin ya ce ya sa waƙar ta tafi daidai da yadda aka rubuta ta, amma jama'a a majami'u sau da yawa ba sa bin rubutu sak, mai kiɗa ne ke bin su. Ya tambaya ko akwai wurin da suke ja ko tsayawa, ko akwai wani ɗaukar murya na yadda suke rerawa. Tambayar na nan tun ranar tana jiransa, shi kuma yana can yana buge fanka.

A ranar ne ya fara abin da bai taɓa yi da kowa ba, wato ya zauna ya yi bayani. Ya rubuta masa wane ne Baba Kato, me ya same shi, me ya faru ranar Asabar, har dariyar yarinyar bai ɓoye ba. Ya ce kada ya rubuta ko layi ɗaya na kod sai ya gama yi masa tambayoyi. Tambayoyin suka zo, wasunsu kuwa sai da ya tashi ya je ya nemo amsa. Felicia na da sujadar godiyar kaka ta shekarun baya da ta ɗauka a wayarta. Shi da mataimakin suka haɗa wata 'yar ƙaramar manhaja, Harrison na sauraro yana danna maɓalli a kan kowane sauti, manhajar kuma tana auna tazara. Sai ga abin a fili: a kowane baiti, a tsakiyar layi na uku, ana tsayawa. Amma tsayawar ba iri ɗaya ba ce. Wani baitin gajeriya, wani doguwa, ta wannan shekarar daban da ta waccan.

Ya kai wa Felicia laftof ɗin har bakin murhu, ya tambaye ta me ya sa ake tsayawa a inda ba a rubuta tsayawa ba. Ta daɗe tana juya miya kafin ta amsa.

"Kai kana ƙarami, kuma ko a lokacin ba ka zama a sujada. Inna ce. Ita ke jan muryar mata, ga asma. Numfashinta ba ya kai ta ƙarshen layin nan, sai Baba ya ɗaga hannu ya jira ta. Yana kallonta, in ta ja numfashi ya ci gaba."

Inna Larai, mahaifiyarsu, ta rasu Harrison yana sakandare. Felicia ta ce tun daga lokacin Baba bai daina jira a wurin ba, jama'a ma ba su daina ba, har yaran da ba su taɓa ganinta ba sun tashi suna tsayawa, sun ɗauka haka waƙar take. Da ya tambaye ta tsawon jiran, sai ta ce ya je ya tambayi mai jiran in yana da ƙarfin hali. Bai je ba.

Ya gaya wa mataimakin. Shi kuma, bayan 'yar maganar ta'aziyya, ya kawo shawara irin tasa: a haɗa duk tsayawar da aka auna a fitar da matsakaici, a sa wa ogan. Da a makon jiya ne da Harrison ya kwafa ya liƙa. Wannan karon ya ce a'a. Ya rubuta cewa ba a fitar da matsakaicin wannan abu, don ba lissafi Baba ke yi a wurin ba. Yana cikin rubutun sai ya tuna da yatsan nan da ke hana shi zama a falo. Ya tsaya ya bi bugun a ransa, tak, tak, tak, shiru, tak. Ashe duk watannin nan tsohon waƙa yake kaɗawa a hannun kujera, ɗansa na jin haushi yana ficewa. Ya rubuta wa mataimakin cewa akwai yatsa ɗaya da ke aiki. Mataimakin ya ce to ai ba sai kwamfuta ta riƙe lokaci ba, ta riƙe sautukan kawai, duk sanda yatsan ya danna maɓalli ɗaya na ogan ta saki sauti na gaba, in bai danna ba ta jira.

Makonnin da suka biyo baya Uche ya ce bai gane abokinsa ba. Ƙafar dai tana kaɗawa, har ta fi da, amma mazaunin na wuri ɗaya. Hira ɗaya ya riƙe bai sake buɗe wata ba. Kaɗan-kaɗan suke tafiya, a rubuta guntu, a gwada, a gyara. Ya koyi karanta kowane layi kafin ya kunna, in bai gane ba ya ce a yi masa bayani, ba ya jin nauyi. Nan ya gano mataimakin ma yana kwafsawa. Wata rana ya kawo wani umarni da gaba gaɗi, Harrison ya bincika ya ga babu shi a duniya, ya gaya masa, shi kuma ya amsa laifinsa ya canza hanya. Wata rana kuma Harrison ne ya manta cewa hannun Baba na rawa, mataimakin ya tuna masa cewa yatsa mai rawa zai iya danna sau biyu a bugu ɗaya, suka yi maganin wannan. Sau biyu ya jawo jakar Kaduna daga ƙarƙashin gado ya mayar. Saboda tsoro kuma ya sa wani maɓalli a laftof ɗinsa, wanda in Baba ya rikice ko ya daɗe, zai danna ogan ya ƙarasa waƙar da kansa. Wannan bai gaya wa kowa ba.

Da ya kawo ogan ɗin aro falo, Baba ya ƙi ko kallonsa. Harrison ya durƙusa ya ɗora shi a kan kujera gabansa, ya liƙa jan tef a kan maɓalli ɗaya.

"Baba, ku danna nan kawai. Ba zai wuce ku ba. In ba ku danna ba, ba ya tafiya."

Ya fita tsakar gida ya bar shi, ya yi ta zagaye tankin kifi. An daɗe ba a ji komai ba. Can sai sauti ɗaya ya fito, cikakke, da dukan muryoyinsa huɗu. Shiru. Sai na biyu. Felicia ta ajiye wankin da take yi ta zauna a bakin tankin.

Ranar godiyar kaka majami'a ta cika har waje. Gaban bagade an jibge dammunan dawa, doya, rake, kabewa, da wani bunsuru da ya ƙi yin shiru. Baba na kujerarsa da farar riga, Harrison na tsugune a bayan ogan, laftof a cinya, gumi na bin bayansa. Da aka zo waƙar rufewa yatsan ya sauka, jama'a suka ɗauka. Baiti na farko aka tsaya a wurin tsayawa, aka ci gaba tare, ba wanda ya wuce wani. Haka na biyu, haka na uku.

A baiti na ƙarshe yatsan ya tashi bai dawo ba. Harrison ya dubi allon, manhajar na nan lafiya tana jira. Ya dubi mahaifinsa, ya kasa gane ko jikin ne ya motsa masa. Shirun ya wuce duk wanda ya taɓa aunawa. Hannunsa ya kai kan maɓallin nan na ɓoye, dukan jikinsa na ce masa danna, ka fitar da tsohon daga kunya, ka fitar da kanka. Sai ya lura da inda idon Baba yake, benci na biyu a gefen mata, wurin zaman Inna, inda wata baƙuwa ke zaune yanzu da jariri a baya. Ya waiga ya ga majami'a guda a tsaye, bakuna a buɗe, ba mai tari, ba mai kallon agogo, kowa na jira. Harrison ya janye hannunsa ya zauna a kansa. Hawaye ya zubo masa, bai share ba don ba hannun sharewa.

Baba ya gyaɗa kai kaɗan, kamar mai amsa wa wani, yatsan ya sauka, aka ƙarasa waƙar.

A keke a hanyar gida tsohon bai yabe shi ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya ce dai akwai waƙoƙin Kirsimeti da ba a shigar ba, kuma koyon waƙa ranar Asabar ne, kada Auta ya makara.

Har yanzu Harrison na Tudun Wada, har yanzu in ka gaishe shi sai ka bi shi da sauran gaisuwar. Manhajar masu kemis dai ya ce yana kanta, mu kuma muna saurare. Amma a ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan godiyar kaka, ya shiga shagon Uche ya buɗe hirar nan tasu, ya ce wa mataimakin a cire maɓallin ɓoye gaba ɗaya. Mataimakin ya tambaye shi ko ya tabbata, me manhajar za ta yi in mai kiɗan ya daɗe bai danna ba. Harrison ya rubuta masa cewa a jira shi.